Muryar Baban Basma

Ranar Laraba ce. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, rediyo na kan turmin da na kife, wayata na jingine a jikinta. An idar da la'asar, lokacin shirin maigidana ya yi. Na danna wurin ɗaukar murya ina jiran usur ɗin nan da ɗan kiɗan da ake buɗe shirin Bakin Fili da su. Sai na ji an sako karatun Alƙur'ani.

Na ce a raina wani babba ya rasu a Katsina ke nan. Har na ɗan ji haushi, don na san irin shirin da ya yi wa ranar. Karatu ya ƙi ƙarewa. Ban ji sallama ba, sai ganin Mairama maƙwabciyata na yi tsaye a kaina, hijabinta a baibai. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

"Mairama, lafiya? Yanzu fa za a fara."

"Tashi mu shiga ɗaki, Nuriyya."

"Mi ya faru?"

Sai ta ɗauki 'yata Basma ta goya, ita da ba ta taɓa goya ta ba. A nan na gane ba lafiya ba.

Tayar motar da maigidana ya shiga ce ta fashe, gaba kaɗan da Kurfi, garin da aka haife shi. Shi da direba ne ba su tashi ba.

'Yan uwa, ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Abin da na tuna shi zan faɗa.

Sunanshi Sagiru, amma in kuka ce Sagiru a tashar Dutsin-Ma ba mai gane wa kuke nufi. Ɗan Malam kowa ya sani. Mahaifinshi Malam Musaddiq yana da makarantar allo a Kurfi, 'ya'yanshi maza duk malamai ne, shi kaɗai ya fita zakka. Kada ku ce bai yi karatu ba, ya sauke tun yana yaro. Sai dai ƙwallo ta shiga ranshi, ga shi ba ya iya bugawa, wata allura da aka yi mishi yana ƙarami ta bar shi da ɗingishi. In yara na wasa a filin firamare, sai ya naɗe kwali kamar mazurari ya tsaya bakin fili yana ba da labarin wasan. Wai har masu dawowa daga gona sukan aje kaya su tsaya, ba don ƙwallon ba, don bakinshi.

Da ya girma ya dawo Dutsin-Ma yana tsaron ƙofar wani gidan kallon ƙwallo a layinmu. Ni kuma ina suyar awara a ƙofar gidanmu. Maganarshi ta farko gare ni ita ce, "Mai awara, ke wane kulob kike yi?"

Na ce, "Na mai da yaji."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce wannan kulob ɗin ba ya faɗuwa, shi ma ya shiga.

Wata rana ana tsakiyar wani babban wasa janareta ya mutu. Samari suka fara buga bencina, za a yi ɓarna. Sai ya haye benci da 'yar rediyo a kunne, yana ji da Turanci yana zubo musu da Hausa. Aka yi tsit. Da aka gyara janaretan, mutane suka ce a rage sautin talabijin, a bar Ɗan Malam ya ci gaba. Wani ma'aikacin jami'a ya ɗauke shi a waya ya tura wa ɗan uwanshi da ke aiki a wani gidan rediyo a Katsina. Haka aka kira shi. Ya fara da karanta sakamakon wasanni, daga baya aka ba shi shiri nashi, mutane na bugo waya ana musu.

Litinin, Laraba da Asabar yake zuwa Katsina. Na sha ce mishi mu koma can mu huta da hanya, ya ƙi. Hanyar ta Kurfi take bi, kuma duk fitar da zai yi sai ya sauka ya gaida Malam kafin ya sake shiga wata mota. Ya ba ni labarin gaisuwar tasu. Zai durƙusa, Malam ya ce, "An fito?" Ya ce, "An fito, Allah gafarta Malam." Malam ya ce, "Allah shi tsare." Shi ke nan. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ambaton inda za shi. Malam bai hana ba, bai kuma taɓa kunna rediyon ba. Abin da ya fi yi mishi ciwo, in ji mutanen gidan, shi ne sunan: a ce Ɗan Malam, sannan a biyo da ihun ƙwallo. Ranar Larabar ma ya sauka sun gaisa.

A gida kuwa ni ce wurin gwajinshi. Ina dafa mishi citta da kanumfari da zuma saboda maƙogwaro, sai ya riƙe ludayi a baki ya ce, "Muna da mai kira a layi. Wa ke magana?"

"Maman Basma ce daga bakin murhu."

"Hajiya Maman Basma, mi kika gani a wasan jiya?"

"Na ga ƙarti suna bin abu guda a guje, ba wanda ya tuna da cefane."

"Jan kati! A fitar da ita!"

Jan katin nan da gaske yake bayarwa a shirin. Ka zagi kulob ɗin wani yadda kake so, ka ce 'yan wasansu guragu ne, zai bar ka. Amma ka taɓa iyayen wani, sai ya busa usur a katse layinka, ba za a sake ɗaukarka ba sai wani mako. Kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya san kulob ɗin da yake so. 'Yan Chelsea su rantse nasu ne, 'yan Arsenal su rantse nasu ne. Ni da nake wanke mishi kaya ban sani ba.

Shi ya sa ni ɗaukar shirin a waya. Ya ce in jingina ta jikin rediyo in ɗauka, in ya dawo ya ci abinci sai ya saurara, yana tsaki shi kaɗai. "Kin ji? Na katse bawan Allahn nan bai gama ba." Ko ya ce, "Na cika sauri a nan." Don haka abin da ke wayata ba muryarshi kaɗai ba ce. Akwai carar zakaranmu, akwai kukan Basma tana jaririya, akwai ni ina kiran Mairama ta katanga ta miƙo mini kanwa. Gidanmu ne gaba ɗaya a ciki.

Ranar sadakar uku saƙo ya zagaya wayoyin mutane daga yayanshi Malam Jibril. Iyalan marigayi suna roƙon duk mai muryarshi ko bidiyonshi ya goge don Allah, gidan rediyo kuma kada su maimaita shirin. Gidan rediyon suka bi. Ni na karanta, na kife wayar, na yi kamar ban gani ba.

Da muryar nan na yi takaba. Basma shekararta huɗu, ba ta barci sai an kunna mata. Takan ce, "Baba ya shiga waya." In ya yi dariya ta yi, in ya busa usur ta ce, "An kori mutum!" Ni kuma in juya mata baya in yi kukana.

Da na fita takaba na koma gidan Innata, Yahanasu. Kwana kaɗan ta ciro wata atamfa ruwan ganye daga ƙasan akwati ta jefa mini.

"Cire wannan toka-tokan hijabin. Kin gama, ba a ƙari."

"Inna ni ban shirya ba."

"Wa ya taɓa shiryawa? Yarinya da ke, za ki zauna ki tsufa da waya a kunne? Wane namiji ne zai zauna da mace tana kwana da muryar wani ƙarƙashin matashi?"

Na san inda ta dosa. Maniru. Shi ne mai kula da na'urori a shirin, shi ke ɗaukar kiran mutane ya haɗa su da Baban Basma, amininshi ne tun farkon zuwanshi Katsina. Aurenshi ya mutu da daɗewa. Ya zo gaisuwa sau biyu da biskit ɗin Basma, ya zauna a zaure yana murza hula a hannu, ba ya iya haɗa ido da ni. Daga baya saƙo ya fara shigowa.

"Salam Maman Basma. Ya ƙarin haƙuri? Ya 'yata?"

In amsa, "Alhamdu lillahi."

"In ba damuwa ina son zuwa ranar Juma'a, akwai maganar da nake son yi da Inna."

Wannan ban amsa ba. Inna ce ta amsa mishi da bakinta.

Kuma Inna ce ta kai maganar wayata Kurfi. A wurin wani suna ta haɗu da matar Malam Jibril, ta ce wai subul da baka ta yi. Ni na san Innata, ba ta subul da baka. Ba a yi mako ba aka aiko surukina Malam Musaddiq na son ganina.

Na sa atamfar, na ɗora baƙin hijabi, na bar Basma wurin Inna. Da motar ta shiga Kurfi na rufe ido, ban son in ga bakin titin da yake sauka.

Na ishe Malam a ɗakinshi na zaure, zaune kan buzu, littattafai jere a bango, ɗalibai na karatu a waje. Ya rame ƙwarai. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Tun da aka kawo ni gidan a amarya ban taɓa yi mishi magana ta wuce gaisuwa ba.

"Nuriyya, ya haƙuri?"

"Da godiya, Malam."

"Ina ƙawata Basma?"

"Tana gaishe ka."

Ya ci gaba da jan carbi. Sannan ya ce, "An ce mini akwai sauran abin nan a wurinki."

"E, Malam."

"Ki saurare ni, 'yar nan. Ban ce haramun ya aikata ba. Da na san haka ne da na hana shi tun yana raye. Cewa na yi ban sani ba. Akwai kiɗa a ciki, akwai ihu, akwai musun da ba ya ƙare kowa da komi. Duk sadda aka kunna, ban san mi ake rubuta mishi ba, lada ko akasinta. Shi kuma yanzu ba ya iya ƙarawa, ba ya iya ragewa." Muryarshi ta karye. "Ɗana ne. Ba na barci."

Na yi niyyar in ce Basma fa. Na yi niyyar in ce bai taɓa barin a zagi uban kowa ba. Amma abin da ya faɗa ya shige ni, don ni ma na sha tambayar kaina haka in na kunna, sai in kori tunanin.

Sai ya ce abin da ban zata ba. "Yana nan tare da ke?"

"Yana nan."

"Kunna mini guda. Kada in yanke hukunci kan abin da ban ji ba."

Na ciro wayar. Ban zaɓa ba, wanda yatsana ya faɗa na danna, na tura ta kan tabarma. Usur ya tashi, ɗan kiɗan ya biyo, na ga Malam ya runtse ido. Sai muryar ta cika ɗakin.

"Jama'ar Bakin Fili, salamu alaikum! Wanda ya ci kada ya yi girman kai, wanda aka ci kada ya fasa cin tuwo. Ɗan Malam ne naku, layi a buɗe yake!"

Wani ya bugo daga Zobe, mai kamun kifi, yana rantsuwa ƙwallon da aka ci su satar gida ce. Wani ya bugo yana ce mishi ya koma ya kama tarwaɗa, ƙwallo ba aikinshi ba ce. Baban Basma na tsakiya yana raba su, yana zuga su kuma.

Malam ya ce, "Mi suke musu a kai?"

"Wai wani ya riga mutane shiga gidan abokan wasa, Malam, kafin a ba shi ƙwallon."

"To laifi ne?"

"Wai laifi ne."

"Ikon Allah."

Can mai kifin ya ce wani abu, Baban Basma ya fashe da dariyar nan tashi mai shiƙewa, wadda sai ya ja numfashi kamar zai suma. A bayanta ana jin tabaryata, ana jin Basma tana gwaranci. Malam ya daina jan carbi.

"Dariyar uwarshi ce," ya ce a hankali. Hajiya ta rasu tun kafin a yi aurenmu, ban san ta ba.

Bai ce in kashe ba, ni ma ban kashe ba. Muka zauna har shirin ya ƙare. Ya jawo wayar kusa da gwiwarshi yana kallonta, ba ya taɓawa.

"Ashe haka yake magana. A gabana bai taɓa ɗaga murya ba. An fito, an fito. Iyakar abin da na sani ke nan." Ya share ido da bakin rawani. Ya turo mini wayar. "Ni roƙo na yi, Nuriyya, ban umarce ki ba. Ke ce matarshi."

'Yan uwa, da umarni ya yi, wataƙila da na yi gardama a zuciyata, in ɓoye wasu. Amma dattijo kamar Malam ya ce yana roƙona, hawaye a gemunshi. Na tuna kabarin, na tuna Baban Basma shi kaɗai a ciki. Na ce in dai akwai ko ƙwayar zarra da muryar nan za ta ƙara mishi nauyi, ni ban yarda ta fito daga hannuna ba. Na share shekaru ina dafa mishi citta don kada maƙogwaronshi ya yi ciwo, yanzu ne zan bari ya wahala don in ji daɗi?

Ban ɗaga kai ba. Na danna na riƙe, na zaɓi duka. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce bismillahi na danna.

"Na goge, Malam."

Ya ɗago da sauri. Ya dubi wayar, ya dube ni.

"Har da wannan ɗin?"

Wallahi sai a lokacin na gane. Shi nauyin bakinshi ya hana shi cewa in bar mishi guda, bayan shi ya sa duk gari suka goge. Ni kuma kunyar suruki ta hana ni tambaya. Tsakanina da shi taku biyu ne, amma ba wanda ya iya miƙa wa wani kalma ɗaya.

Na ce, "Har da shi."

Sai ya gyaɗa kai. "Haka ya fi. Allah shi yi miki albarka. Allah shi jiƙan Sagiru." Karo na farko ke nan da na ji ya kira sunanshi.

Basma ta yi kwanaki tana kuka. Ta ɗauki wayar ta girgiza, ta leƙa ramin caji. Ranar Juma'a da Maniru ya zo, tana ganinshi ta ruga ta riƙe mishi riga.

"Kawu, Mama ta fitar da Baba daga waya."

Ya dube ni, karon farko ido cikin ido. Ya gaida Inna, suka yi maganarsu, ya tafi. Washegari saƙo ya shigo.

"Maman Basma ki yafe mini. Da aka ce a goge na goge na ofis, amma na kasa goge nawa. Duk suna nan wurina, tun shirin farko. Ga na Litinin ɗin ƙarshe. In ba ki so, ki ce, ba zan sake ba."

A ƙasan rubutun ga abin nan na murya, da 'yar kibiya mai nuna ƙasa. Sai an taɓa ta zai sauka.

Na nuna wa Inna, ina zaton za ta yi faɗa. Sai ta washe baki. "To karɓi mana! Kyautar mai nema ai ba a maida ta."

"Inna, ba ke kika ce ba namijin da zai zauna da mace da muryar wani ba?"

"Wannan ai shi ya kawo da kanshi. Ki taɓa, mu san kin amsa."

Kun ji inda nake. In na taɓa, Inna ta ce na karɓi Maniru, ni kuma ban san ko shi nake so ba ko abin da ke hannunshi, kuma bai cancanci a aure shi don muryar wani ba. In na taɓa, na warware abin da na yi don kabarin mijina, wanda Malam ya sa mini albarka a kai. In ban taɓa ba, ga Basma ta fara daina tambaya, wannan kuwa ya fi kukan ciwo. Ga kuma wani tsoho a Kurfi da ya ji dariyar ɗanshi sau ɗaya tak. Na san na Maniru ba irin nawa ba ne, ba zakara, ba tabarya, ba mu a ciki. Amma shi yana ciki.

Ban ce wa Maniru e ba, ban ce a'a ba. Ban goge saƙon ba.

Kullum in na idar da sallar asuba na yi wa Baban Basma addu'a, sai in jawo wayar tun ina kan sallaya. In buɗe saƙon, in ɗora babban yatsana saman kibiyar, ba na bari ya taɓa. Haka nake riƙewa har hasken wayar ya mutu da kanshi. Sannan in tashi in hura wuta.